Ranarsa Ce Ta Zo

Tana shanya rigarsa ta aiki a kan igiya labarin ya iso mata. Mijinta ya shekara tara yana hawa rufin mutane yana kafa musu sola. Ran nan zafi ya kwantar da shi a kan kwano da tsakar rana, bai ƙara tashi ba.

Bayan kwana uku manajan kamfanin ya zo gaisuwa, da mai ɗaukar hoto a bayansa.

"Mama, sai haƙuri," in ji shi. "Ranarsa ce ta zo."

"Ai ta zo, ranka ya daɗe. Tun ƙarfe goma take tsaye a kansa, ba wanda ya ce ya sauko ya sha ruwa."

Manajan ya yi gyaran murya, ya miƙa mata dashen itace a cikin leda. Wai mijinta gwarzo ne, ya rasu yana ceton duniya daga ɗumama.

"Madalla," ta ce. "To duniyar ta huce?"

Mai hoto ya ce ta riƙe ledar, ta ɗan yi murmushi. Ta ce haƙoran nata ma takaba suke yi. Haka suka tafi ba hoton.

Ta nufi bola da dashen, sai ta ga ganyensa ya yi laushi. Ta kasa. Ta dasa shi a tsohon bokitin mijin.

Kullum rana na takewa takan ja bokitin zuwa inuwa, ta zuba masa ruwa kofi ɗaya.

"Huta abinka," takan ce. "Nan ba kamfani ba ne."