Ruwan Taliya

Bayan rasuwar Mama, babanmu Liborio ya ƙi barin gidanmu na ƙauye a Sisili. Yayana Saro, wanda ke aiki a Turin, ya dage sai ya tafi da shi. Da ya zo hutu ya ga edera, tsiron nan mai hawa bango da Mama ta shuka a tsakar gida, tana bushewa, sai ya samu hujja. Wai wanda ya kasa kula da ganye ba zai iya kula da kansa ba. Saro ke nan, da ko fure ɗaya bai taɓa rayawa ba.

Baba ya rantse kullum yana ba ta ruwa. Na san in ta mutu Saro zai yi nasara, kuma Baba ba zai daɗe a raye a Turin ba. Don haka na tsaya na duba ta da kyau. Babu ƙwari a bayan ganyen. Ƙasar da danshinta. Bakin ganyen ne ya ƙone, ga wani farin abu ya kwanta a gindinta. Na kankare reshe da farce, cikinsa kore ne, da sauran rai. Na dangwali farin abin na sa a harshe, sai na ji gishiri.

Da rana Baba ya dafa mana taliya. Ya cika hannu da gishiri ya watsa a tukunya. Da ta dahu ya tace, ya bar ruwan ya huce, ya kai wa edera. A garinmu famfo sai ya ga dama yake kawo ruwa, ba mai zubar da ruwan girki.

"Baba, wannan ne ke kashe ta."

"Ke Agata, raba ni da iyayi. Haka uwarki take yi tun kina goye."

"Mama ta daina sa gishiri a tukunya tun da hawan jini ya kama ka."

Ya tsaya riƙe da tukunyar. Shekara da shekaru yana tsokanarta a gaban baƙi, wai tsufa ya ƙwace mata hannun girki. Ita kuwa sai ta yi murmushi ta ƙara masa cuku. Mu duka mun sani, shi kaɗai ne bai sani ba. Tausayinsa ya kama ni.

Muka yanke busassun rassan, muka kwashe ƙasar sama. Ranar da famfo ya kawo ruwa muka yi ta kwarara mata shi har gishirin ya wanke. Kafin kaka sabon ganye ya tsiro, Saro ya daina zancen Turin.

Da na sake kai masa ziyara, Baba ya zuba min taliya, lami, babu ɗigon gishiri. Ya ɗanɗana, ya daɗe yana taunawa.

"Irin ta uwarki ce sak," ya ce. "Ban taɓa ce mata ta yi daɗi ba."