Ɗaki Biyu a Biloxi

Shekara uku ke nan Renita ba ta bar namiji ya kwana gidanta ba. Ba fasto ne ya sa ta ba. Tun ranar da saurayinta ya kwashe kayansa ya bar garinsu Memphis ko sallama babu, ta yi wa kanta alkawari: babu wanda zai ƙara sanin jikinta sai an ɗaura aure. Ta ci gaba da kitsonta a shago, hankali kwance.

Sai ga Lemuel, direban bas mai 'yar furfura a gemu, wanda matarsa ta rasu. Wata huɗu suna tare. Wata Lahadi bayan coci, suna cin soyayyen kifi a motarsa, ya ce ya kama musu masauki a Biloxi, bakin teku.

"Ɗaki nawa?" ta tambaya.

"Ɗaya mana."

Ta goge yatsunta, ta faɗa masa komai. Ya kalli sitiyari.

"Wato kin haɗa ni da wancan ɗan iskan?"

"Ba kai ba ne, Lem. Na gaji da wayar gari ina tunanin ko mutum zai dawo."

Ya sauke ta a gida ya wuce. Kwana uku shiru. Yayarta Odessa ta ce, "Ke yarinya! Mutum ga aiki, ga haƙora cikakku, shi kika kora?" Renita ta yi dariya, ta shiga bayi ta sha kuka.

Ran Alhamis ya shigo shagon da kayan aiki a jikinsa, ya tsaya tsakiyar mata yana murza hula.

"Na kama ɗaki na biyu," ya ce. "Amma don Allah kar ki zo da jar rigar nan taki. Ni ma ɗan Adam ne."

A Biloxi ruwan sama ya tsare su a ɗakinsa da yamma. Ta jingina da kafaɗarsa, ta sumbace shi, ta ji ba ta son tashi.

"Lem, ko dai..."

Ya riƙe hannayenta biyu, ya ja dogon numfashi.

"In kin canza shawara, ki faɗa mini a Memphis, da rana tsaka. Ba yau ba. Tashi mu je gidan abinci mu ci jatan lande."

Suka fita cikin ruwan, takalma a hannu, ta ƙanƙame damtsensa har gidan abincin.