Guzurin Gidan Malam Ghali

A gidan Malam Ghali ba a cewa an zauna a N'Djamena, cewa ake yi an yada zango. Shekara casa'in da ɗoriya ke nan ana yada wannan zangon. An haifi 'ya'ya, an binne iyaye, an sake gida sau biyu har aka dire a unguwar Abena, amma in baƙo ya tambayi ɗan gidan daga ina yake, sai ya ce masa a kan hanya yake. Makwabta sun yi dariyar har sun gaji sun bari.

Shi Malam Ghali marini ne daga ƙasar Zazzau. Ya sayar da karofinsa da gonarsa da shanunsa, ya canza kuɗin a Yerwa zuwa sisin gwal goma sha shida, ya ɗinke su cikin ɗamarar fata, ya sa matarsa a gaba suka nufi Makka a ƙafa. Suna ƙetare kogin Shari zuwa garin nan matar ta haihu. Aka ce a jira arba'in. Arba'in ta cika damina ta sauka, aka ce a jira hanya ta bushe. Hanya ta bushe wani cikin ya shiga. Da Malam Ghali ya zo rasuwa wasiyyarsa ɗaya ce: wannan guzurin hanya ne, ba a cin tuwo da shi, ba a aure da shi, sai dai a kashe shi a tafiyar Makka. A zamanin ɗansa jirgi ya kashe tafiyar ƙasa, kuɗin jirgi kuwa kullum yana gaban zinaren da taki ɗaya.

Yanzu jikoki biyu suka rage. Ummaru, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayen fata a mayankar Farcha, shekara goma sha ɗaya ke nan da idonsa ya rufe. Sai ƙanwarsa Zaliha, ungozoma, wadda ta yi aure biyu ta dawo gida ba ɗa ba jika. Ita ke jansa zuwa ƙofar masallaci, ita ke gaya masa inda lomar nama take a cikin kwano. Ɗamarar tana cikin akwatinta na ƙarfe. Duk Juma'a takan fito masa da ita ya shafa ta bayan fatar, ya ƙirga tudu goma sha shida, ya ce, "Suna nan," ta mayar.

Bana sai ga zinare ya yi tashin da ko tsofaffin kasuwa ba su taɓa gani ba. Ummaru ya ji a rediyo, ya sa aka yi masa lissafi a bakin masallaci, ya shigo gida yana cin karo da turmi don sauri. Sisi goma sha shida, in ji masu lissafi, sun isa kujera biyu har da kuɗin hadaya. Ranar Alhamis kuma za a rufe karɓar kuɗin alhazai.

Tun daga ranar Zaliha ta daina ganin Abena sosai. Tana tankaɗe, sai ta ji muryar kakarta tana jera sunayen zangunan gabas kamar yadda take yi musu in za su yi barcin rana: Ati, Abeshe, Adre, Fashir, Sawakin, sai teku. Zaliha ba ta taɓa wuce Lamadji da ke bakin gari ba a rayuwarta, amma ta san Ati da itatuwan giginya, ta san Sawakin da fararen gidaje masu warin gishiri, duk ita ta gina su a ranta tun tana 'yar shekara biyar. An gaya mata jirgi ba ya tsayawa ko ɗaya daga cikinsu. Ta ce ba komai, za ta leƙa ta taga ta gaishe su.

Akwai abin da Ummaru bai sani ba, ita ma ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. Al'adar gidan ce, tun daga jaririn bakin kogi, in an haifi ɗa a goga sisi ɗaya a kan wani ɗan farin dutse da ɗigon ruwa, a ɗora ruwan a harshensa, don ya ɗanɗani hanya ya san shi matafiyi ne. Ɗan gida kaɗai ake yi wa. Shekara arba'in da suka wuce, wata makwabciya ta haifi ɗa bai yi kuka ba, aka jijjiga, aka hura, shiru. Zaliha ta ruga gida ba mayafi, ta farke bakin ɗamara, ta goga, ta ɗiga masa. Yaro ya yi atishawa ya tsala ihu. To, daga nan wace mace ce a unguwar za ta yarda a yanke wa ɗanta cibiya ba a ba shi ruwan dahab, wato ruwan zinaren nan, ba? Balarabiya, Babarbariya, matar sojan da ke zuwa coci, duk Zaliha ba ta iya cewa a'a. Kuma da yake mace ce mai adalci, ba ta takura wa sisi ɗaya ba, bi da bi take ɗaukarsu. Sai suka rame tare, ba wanda ya tona asirin ɗan'uwansa. Da kan sarkin Turawan da ke jikinsu ya shafe, har murna ta yi, ta ce dama me hoton mutum zai je yi a Makka.

Ranar Talata da hantsi ta ɗaura ɗamarar a ƙugunta, ta hau kilando, babur ɗin haya, zuwa babbar kasuwa. Shagon da aka kwatanta mata na wani Bakano ne, Falalu, shekararsa shida a garin. Yana sayen ɗanyen zinare daga masu haƙa a hamadar arewa, ya narka, ya zuba shi ƙananan tubala. Ga su nan jere a cikin gilashi, kowanne bai fi yatsa biyu ba, gefe guda kuma tsofaffin riyalan azurfa da matan makiyaya ke kawowa in rani ya yi tsanani.

"Sannu da zuwa, Hajiya."

"Ban je ba tukuna, ɗana. Abin da ya kawo ni ke nan."

"To Allah ya nufa, Iya. Me aka kawo mana?"

Ta juya baya ta kwance, ta zazzage su a kan jan ƙyallen teburinsa. Falalu ya ɗauki ɗaya, ya goga a kan baƙin dutsensa. Zaliha ta yi murmushi, don ta ga hannunsa bai kai nata iyawa ba. Ya ɗiga ruwan gwaji a kan zanen, zanen bai gushe ba. Ya gyaɗa kai.

"Gwal ne na gaske, irin na da. Yanzu ba ka samun wannan."

Sai ya ɗora shi a sikeli. Ya duba, ya sauke, ya hura sikelin, ya sake ɗorawa. Ya ɗauki na biyu, na uku. Daga nan ya kwashe su duka ya zuba a kai lokaci ɗaya, ya ƙura wa lambar ido.

"Iya, irin wannan sisin giram takwas yake yi, duk inda kika je a duniya. Naki biyar da 'yan kai ne."

"Ai goma sha shida ne. Ƙirga ka gani."

"Na ƙirga. Mu ba ƙirga muke saye ba, nauyi muke saye. Kashi ɗaya cikin uku ba ya nan." Ya kai ɗaya kusa da idonsa, ya juya shi. "Wannan ba tsufa ba ne, gogawa aka yi. Wani ya daɗe yana cin ku da kaɗan-kaɗan, kuma wallahi mai haƙuri ne. A hannun wa suke?"

"A hannuna," in ji Zaliha.

Falalu yana da kunya, bai sake tambaya ba. Ya danna kalkuletarsa, ya juyo mata da ita kamar ta iya karantawa, ya ce kujera ɗaya ta fita da ɗan canji, ta biyu kuwa ko ya yafe ribarsa duka ba za a kama ƙafarta ba. Ya ce in tana so ya narka mata su su zama tubali ɗaya ta ajiye, wataƙila baɗi farashi ya ƙara. Ta ce a'a, ba nata ba ne ita kaɗai. Ta mayar da su cikin ɗamarar ɗaya bayan ɗaya.

Ba ta nemi kilando ba. Ta kama tafiya a ƙafa cikin ranar nan ta bazara, kwalta tana rawa a gabanta kamar ruwa. Tsoro take ji, da kunya, amma wani abin ya fi su ƙarfi, ta kasa sa masa suna. Da ta doshi Abena gaisuwa ta fara. Mai soya kifi ta ɗago ta ce, "Afe, Iya?" Jandarman da ke bakin titi ya cire hula. Tela ya leƙo da zare a baki, malamar makaranta ta sauka daga keke ta durƙusa. Duk ita ta fara ɗaukarsu, duk ta san harshensu tun ba haƙori. Rana ce ko idonta ne, ba ta sani ba, amma duk wanda ya buɗe baki ya gaishe ta sai ta ga wani ɗan haske rawaya a can ciki. Ta tsaya jikin wani shago ta duba titin har ƙarshensa, ta ga guzurin kakanta yana tuƙa babur, yana awon gero, yana goye da nasa ɗan.

Ta tarar da Ummaru a gindin darbejiyar tsakar gida, ya yafa tsofaffin zannuwan gado biyu yana koyon ɗaura harami, yana Labbaika a hankali. Ya ji takunta ya juyo.

"Zaliha? An ba ki gurus ɗin? Kuɗin sun isa?"

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta ɗora masa ɗamarar a cinya, ta gaya masa komai, tun daga jaririn da bai yi kuka ba har lambar sikelin Falalu. Ba ta kare kanta ba.

"Kujera ɗaya ce, Yaya, kuma taka ce. Ni na riga na kashe rabona."

Ya daɗe yana shafa fatar. Karo na farko a rayuwarsa ya zura yatsa ya zaro sisi ɗaya, ya murza shi, ya ji yadda ya zama siriri.

"To wa zai riƙe mini hannu a ɗawafi?"

Hawaye ya zubo mata, ta bar shi ya zuba. Suna nan zaune sai aka buga ƙyauren langa-langa da ƙarfi. Inusa ne, makanikin bayan gidansu, yana haki.

"Iya, matata Lami ce, faya ta fashe! Ta ce don Allah ki taho da dutsen."

Zaliha ta miƙe, ta tsaya, ta kasa gaba ta kasa baya. Ta buɗe baki za ta ce masa yau babu, sai ta ji yayanta yana laluben hannunta. Ya same shi, ya buɗe tafin, ya sa mata sisin, ya naɗe yatsunta a kai.

"Je ki, ana jiranki," ya ce. "Ki goga da kyau."

Ta ɗauko dutsen ta bi bayan Inusa. Ummaru ya cire zanen kafaɗarsa ya fara ninkewa.