Ɗacin da Barakatu Take Nema

Tun da Barakatu ta fita takaba, ƙafa ta ɗauke daga gidanta. Lokacin zaman makoki har tabarmi sai da aka aro. Yanzu kuwa in ta ji motsi a zaure, akuyar maƙwabta ce ta shigo neman ɓawon rogo. Ɗanta Hafizu yana Legas. Yakan kira ranar Juma'a, ya tambayi lafiya, ya ce a yi masa addu'a, shi ke nan.

Ba ƙin ta ake yi a unguwar ba. Ana gaishe ta, ana kiran ta 'Yar Kumasi, don a zangon can aka haife ta, daga can marigayi Alhaji Zakiyyu ya auro ta zamanin da yake fataucin goro. A Daura ta tsufa, amma har yau in ta yi magana akwai wata lanƙwasar harshe da ke sa mata su kalli juna, shi ya sa tun tana amarya ta koyi yin shiru. Da Alhaji yana raye shirun bai dame ta ba, shi ne abokin hirarta. Yanzu abin da take so bai taka kara ya karya ba: mutum ɗaya ya shigo, ba don gaisuwar mutuwa ba, ya zauna har shayi ya huce.

Ana cikin haka kwaɗayin wani abu ya taso mata. Tana ƙarama, uwarta takan soya 'ya'yan koko, irin na itacen kurmi, ta daka su har su yi mai, ta barbaɗa ɗan sukari, ta bar su su daskare. Baƙi ne ƙirin, da ɗaci, amma in ya narke a baki sai wani ƙamshi ya biyo baya. Barakatu ta bi shagunan Daura tana tambayar cakulan. Duk wanda ta ɓare sai ta ji sukari da mai kawai, ga shi zafi ya narkar da shi ya sake daskarewa, ya yi fari-fari kamar ya sha toka.

Sharu mai goro, tsohon abokin cinikin mijinta, shi ya ba ta hanya.

"Hajiya, ai akwai wata yarinya a Dutsi, Siddiƙa. Duk motar goron da za ta zo mana daga kudu, sai ta sa an ɗoro mata ɗan buhun wannan abin naku. Ni dai na tauna ɗaya, har yau ban yafe mata ba."

Washegari da safe Barakatu ta yafa mayafi ta shiga motar Dutsi.

Tun daga zaure ta san ba ta ɓata hanya ba. Ƙamshin suya ya tare ta, ta tsaya ta dafa bango, don ji ta yi kamar za ta ga uwarta tsugune gaban kasko. Siddiƙa ta fito, siririya, hannunta duk baƙin mai, ta durƙusa ta gaishe ta, ta kai ta wani ɗan ɗaki mai firji na hasken rana. Ta jero mata kala-kala: mai dabino a ciki, mai gyaɗa, mai aya, an naɗe su cikin takarda mai ƙyalli saboda amare.

Barakatu ta ɗanɗana ɗaya. "Da daɗi, 'yata, hannunki yana da kyau. Amma ba ki da wanda bai sha sukari ba?"

Siddiƙa ta zuba mata ido. "Inna, wa ya faɗa miki? Wannan ai nawa ne, ba mai saye. Ko mijina cewa yake maganin shawara nake yi."

Ta jawo wani kwano daga can ƙasan firjin. Da yake ba na sayarwa ba ne, ba ta ɓata lokacin ƙawata shi ba. A murafun gwangwani take zubawa, ya fito faifai-faifai, baƙaƙe. Barakatu ta gutsura, ta rufe ido, ta bar shi ya narke a bakinta.

"Shi ne," in ji ta daga baya.

Siddiƙa ta naɗe mata a leda, ta lulluɓe da jiƙaƙƙen tsumma, ta ce in ta isa ta ajiye a gindin randa, kan yashi mai laima.

Haka ta yi. Amma da ta zauna ita kaɗai a tsakar gida ta sake gutsura, sai ɗanɗanon ya ƙi zama kamar na Dutsi. Can akwai wadda ta san abin da take ci. Nan kuwa daga ita sai randa.

Da la'asar ta zaɓi guda uku masu kyau, ta sa a kwanon samira, ta rufe, ta nufi gidan Murjanatu, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba su. Duk hanya tana tsara abin da za ta faɗa, labarin uwarta da kasko. Ta iske Murjanatu ta tayar da salla. Ta tsaya jim, kunya ta rinjaye ta, ta ajiye kwanon a bakin ƙofa ta juyo.

Ranar ba wanda ya zo. Washegari ma har azahar shiru. Barakatu ta share tsakar gidan da yake a share, tana ce wa ranta ai dama mai kwano ba ya bin kwanonsa.

Can sai ta ji sallama, da ƙarfi, haɗe da tari.

"Ke 'Yar Kumasi! Fito ki gaya mini laifin da na yi miki!"

Murjanatu ce, kwano a hannu, hanci ja wur saboda mura.

"Lafiya, Yaya?"

"Ina lafiya? Wace irin daddawa ce wannan ta garinku? Na ga abu baƙi faifai-faifai, na ce Allah ya yi wa maƙwabciya albarka, ga hancina a toshe ba na jin ƙamshin komai. Na marmasa biyu a miyar kuka. Malam ya kai loma ɗaya ya ajiye, ya ce, 'Murja, in gajiya kika yi da ni, ai sai ki faɗa!'"

Barakatu ta toshe baki da mayafi, amma dariyar ta fi ƙarfinta, har hawaye. Rabonta da yin dariya haka tun Alhaji yana da rai.

"Yaya, ba ta miya ba ce. Ci ake yi haka nan."

"Haka nan? Kamar goro?"

"Kamar goro. Kada ki tauna, ki bar shi ya narke."

Murjanatu ta buɗe kwanon. Ba ta dawo da shi wayam ba: ƙuli-ƙuli ne a ciki, da ɗayan da ya tsira a samansa. Ta gutsuri kaɗan, ta yamutsa fuska, ta jira. Fuskar ta ɗan saki.

"Ɗaci dai kamar namijin goro. Amma daga baya akwai wani abu." Ta waiga. "To, a tsaye za ki bar ni? Ina tabarma? Wa ma ya koya muku cin wannan masifa?"

Barakatu ta shimfiɗa tabarma, ta ɗora ruwan shayi a kan gawayi. Ta zauna, ta gyara murya.

"Uwata ce," ta ce. "Tana da wani kasko mai tsagaggen baki."