Filashin Ɗin Gherasim

Ranar da labarin ya iso ni, ina bayan gida ina yanka kabeji zan jiƙa shi da gishiri saboda hunturu. Na ji an banko ƙofar shinge, sai ga Dochia maƙwabciyata ko ɗankwali babu, ta riƙo wayarta nesa da jikinta kamar ta ɗauko garwashi.

"Profira, ajiye wuƙar nan."

"Me kuma? Akuyarki ta sake shiga lambun limamin coci?"

"Ajiye na ce miki. Nichifor ne. Ungo."

Nichifor mijinta ne. Shi da mijina Gherasim sun daɗe suna aiki a gonar tumatir ɗaya a Sisili, can ƙasar Italiya. Ya ce da hantsi Gherasim ya yanke jiki ya faɗi a cikin rumfar leda, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Ya ce sun yi ta kiran wayata, ta ƙi shiga. Na zaro ta daga aljihu na duba, sabis cike yake.

Na miƙa wa Dochia wayarta, na koma kan kabejina. Ba taurin zuciya ba ne. Fushi nake yi da shi a lokacin, kuma na rasa inda zan kai fushin.

Gherasim bai taɓa riƙe wayar hannu ba, ya ce ta yara ce. A ɗakin ajiyar kayan gonar akwai wayar tebur. Mai gonar ya hana su kiran gida da ita, amma kiran da ba a ɗauka ba ba ya cin ko sisi. Saboda haka kullum da safe kafin su shiga aiki, mazan nan, mutanen ƙauyuka daban-daban na yankinmu, sukan yi layi, kowa ya buga lambar matarsa, ta yi ƙara sau ɗaya, ya kashe. Filashin ke nan. Ma'anarsa na tashi lafiya. Ba a ɗauka, ba a kira baya. Duk macen da mijinta ke waje ta san wannan. Ina jin nawa nake ɗora ruwan tuwon masara.

Bayan bikin Maryamu na watan Agusta sai nawa ya daina zuwa. Na Dochia bai daina ba. Kamfanin wayarta daban da nawa, amma a lokacin wa ya kawo wannan a ransa? Kullum ina jiyo tata ta kan shinge, ƙirrr sau ɗaya, ni kuwa tawa shiru kamar dutse. A kanti mata suka fara yi mini kallon tausayi. Wata ta ce, ba da ni take ba wai, "Matan can ai ba sa tsufa."

Wata Lahadi Gherasim ya shiga gari ya kira ni daga shagon waya, kamar yadda yakan yi jifa-jifa.

"Tsohuwa, ya masarar bana?"

"Masara na nan. Yatsanka ne ya karye?"

"Wane yatsa kuma?"

"Wanda kake danna waya da shi."

"Ke, kullum sai na yi miki. Ni ne ma na farko a layi."

"Gherasim, da furfurarka kake ƙarya?"

Ya ce tunda shi maƙaryaci ne, ba zai ɓata kuɗinsa a kan ƙarya ba. Ya kashe. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Nichifor ne ya rako akwatin gawar a mota. Bayan an dawo daga maƙabarta ana cin abinci, na ja shi gefe na tambaye shi maganar filashin ɗin. Ya dafa ƙirji ya ce wallahi kullum sai Gherasim ya buga, a gabansa ma yake tsayawa.

Na ce, "Nichifor, kai da ka rantse wa matarka a gaban coci ka daina shan giya?"

Ya dubi kofin da ke hannunsa, ya ce wannan ai ta makoki ce.

'Yata Sevastița, da ke aikin kula da tsofaffi a Sifen, ta zo jana'izar. Ta ce, "Mama, ki bar maganar nan. Ya riga ya tafi, me za ta ƙara miki?" Ita ba ta gane ba. Ina so in san wanda nake yi wa kuka. Mijin da ya mutu yana tuna ni kowace safiya, ko wanda ya share ni ya kuma yi mini ƙarya. Baƙin kaya ɗaya ne, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Abin da ya tsaya mini shi ne maganar Nichifor ta ranar farko, cewa sun kira ta ƙi shiga. Bayan sadakar arba'in na hau bas zuwa Vaslui, babban garin yankinmu, ofishin kamfanin wayata. Yarinyar da ke kan tebur, mai dogayen farata, ta jujjuya wayar ta ce lafiyarta ƙalau, sai dai ta tsufa, ko ina son sabuwa?

"Ni ma na tsufa, 'yar nan, kuma ina aiki. Abin da nake tambaya, me ya hana kiran Italiya shigowa?"

Ta ce wannan ba sashenta ba ne. Na ce to, zan jira sashen. Na zauna a kujerarsu na kwance ƙullin burodi da cukuna. Da ta ga mutane sun fara kallo, sai ta buga wa wani a Bukares, babban birnin ƙasarmu, suka yi 'yan maganganu, na taso, ta miƙo mini kan wayar.

Ya ce sunansa Horațiu, aikinsa kama ɓarayin layi. Muryarsa irin ta wanda ya daɗe bai yi barcin kirki ba, kuma ina jin yana tauna wani abu. Na karanta masa lambar ɗakin ajiyar, don na haddace ta kamar addu'a. Na ji yana danne-danne, sannan taunar ta tsaya.

"Iya, wannan lambar a toshe take. Mu muka toshe ta."

"Laifin me ta yi muku?"

Ya ce akwai 'yan damfara da ke hayar lambobi a ƙasashen waje, irin waɗanda duk minti ɗaya kuɗi ne mai yawa. Sai su sa na'ura ta yi ta buga wa dubban mutane, ƙara ɗaya ta kashe. Wanda ya ga kira daga waje ya ɗauka ɗansa ne, ya kira baya, su riƙe shi a layi da kiɗa ko da muryar ƙarya, kuɗin na zuba a aljihunsu. Ya ce tsofaffi irina aka fi cuta, wasu fanshonsu na wata kan tafi a zama ɗaya. Don haka kamfani ya sa tasa na'urar gadi. In ta ga lamba daga waje tana buga wa mutane da yawa a lokaci guda, ƙara ɗaya ɗaya, babu mai ɗauka, sai ta rufe mata hanya.

"Ai mazanmu ne. Gaisuwa suke yi."

"Na yarda, Iya. Amma gaisuwarsu da sallamar ɓarawo kamarsu ɗaya a wajen na'ura. Bana ɓarayin sun yi mana yawa, sai aka ƙara tsaurara ta."

"Babu mutum mai ido da ke dubawa?"

"Ni ne mutumin. Ni da wasu 'yan kaɗan. Abin da take rufewa a yini, ko wata muka samu ba za mu gama dubawa ba. Sai in wani ya kawo kuka, kamar ke." Ya ja numfashi. "Uwata ma filashin take yi mini."

Na tambaye shi shi mai kiran ba ya ganewa? Ya ce in ya jira zai gane. Amma wanda ya saba yana jin sauti ya ajiye, ba zai sani ba.

"Yaushe kuka toshe?"

"Tsakiyar Agusta. Kashegarin hutun bikin Maryamu."

Na riƙe bakin teburin. Yarinyar ta turo mini kujera da ƙafarta.

"Ɗan nan, duba mini abu ɗaya. Lambata tana cikin waɗanda aka yi ta bugawa bayan nan?"

Ya ce ba zai iya gani ba. Kiran da bai shiga ba ba a ajiye bayaninsa da daɗewa, an riga an goge. Abin da ya rage kawai ranar toshewa da dalili. Ya ce ko da yana nan ma, waya ɗaya ce, ba za ta nuna yatsan wa ya danna ba. Ya tambaye ni ko mai gidan yana can har yanzu. Na ce yana bayan coci, kusa da uwarsa. Sai ya yi mini ta'aziyya, ya ce ya buɗe lambar yanzu, ya kuma sa mata alama don kada na'urar ta sake taɓa ta. Na ce ya kyauta, akwai matan da za su ji daɗi gobe. Da gaske nake, amma ban ji komai a raina ba. Ƙafafuna kawai ke ciwo.

A bas ina ta juya abin. Bai ce mini Gherasim ya buga ba. Ya ce dai hanya a rufe take. Amma namiji ba ya samun wata mace daidai ranar da na'urar Bukares ta rufe layi. Wannan ko ni da ban yi nisa a makaranta ba na iya haɗa shi. Ya buga. Ya yi ta bugawa har bayan na kira shi maƙaryaci, in dai maganar Nichifor ce, kuma yanzu ba ni da dalilin ƙin ta.

Da na faɗa wa Dochia, sai ta ce, "To, ashe jakin nan nawa yakan faɗi gaskiya." Muka yi dariya kaɗan. Daga nan kukan da ban yi ba ranar kabeji ya zo, ta zauna da ni har ya wuce.

Ban kai ƙarar kowa ba. Wa zan kai? Ɓarayin ba a san inda suke ba, Horațiu kuwa aikinsa ya yi. Matan kanti sun ji labari, sun koma cewa dama su sun san Gherasim mutumin kirki ne.

Yanzu kowace safiya nakan kira Sevastița, kuma ba na kashewa sai ta ɗauka. Takan ce, "Mama, ina cikin bas, ki yi filashin mana kamar kowa." In ce, "Na ji muryarki. Kashe." Sai in je in buɗe wa kaji.