Tausar Ya Kaltum

Nguveren ta rantse babu hannun da zai ƙara taɓa mata ciki, kuma wallahi ba za ka ga laifinta ba. Cikinta na fari a Gashuwa ya zube, bayan wata mata ta danne shi da ƙarfi, wai tana gyara wa ɗan kwanciya. Ko dannar ce sila ko ba ita ba ce, Allah masani, amma tsoro ya riga ya zauna mata.

Shekarar da aka gama yaƙin basasa aka mayar da mijinta Rufus tashar jirgin ƙasa ta Nguru, ga ta da wani cikin. Da cikin ya tsufa, sai bayanta ya ce bai san zancen ba. Zama azaba, kwanciya azaba, ko tulu ba ta iya ɗagawa. Uwarta kuwa tana can ƙasar Tibi, ba mai ce mata sannu.

Maƙwabciyarta Ya Kaltum, wata tsohuwar Babarbariya mai sayar da turaren wuta, ita ke yi wa matan unguwar tausa. Rannan ta leƙo ta kan zana, ta gan ta dafe da ƙugu tana hawaye, sai ga ta da ƙoƙon man gyaɗa, ba wanda ya kira ta. Nguveren na ganin man nan ta rungume cikinta da hannu biyu, ta ba ta labarin Gashuwa da 'yar Hausarta.

"Yauwa, riƙe shi haka, 'yata," in ji Ya Kaltum. "Ni ba na taɓa ciki. Bayanki na zo wa."

Ta shimfiɗa mata zane a inuwa, ta kwantar da ita ta gefe, ta tara rairayi a ƙarƙashin cikin ya tallafe shi. Sannan ta bi kafaɗu da ƙugu a hankali, tana tambaya ko da zafi. Nguveren ta ƙanƙame jiki tana jiran cin amana, har barci ya sace ta, hannunta na kan cikin.

Haka suka ci gaba. Tsohuwar akwai tsiya, kullum sai ta ce bayan nan ya fi busasshen kifin kasuwa tauri. Amma ranar da ƙafar Nguveren ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ƙememe ta ƙi taɓawa, ta tasa ta gaba har asibiti. A layin ganin likita Nguveren ta ji daga bakin wata mata cewa Ya Kaltum ba ta taɓa haihuwa ba, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Tausayi ya kama ta ƙwarai.

Bayan ƙafar ta saɓe, wata la'asar ana cikin tausa ɗan ya motsa. Sai Nguveren ta kamo hannun tsohuwar, da maiƙonsa da komai, ta ɗora a kan cikin.

Ya Kaltum ta so janyewa, Nguveren ta riƙe. Ɗan ya sake harbawa, daidai tafin hannunta.

"Ashe haka yake yi," in ji tsohuwar a hankali.

Ba ta danna ba, ba ta shafa ba. Ta bar hannun a wurin kawai, tana share ido da gefen mayafinta.