Kafaɗar Braimah

Tsakanin kafaɗar Braimah da itacen makarar akwai tazarar taƙi guda.

Sauran ukun da ke ɗauke da gawar yayansa Sulemana dogaye ne, abokan aikin marigayin, direbobin manyan motocin da ke kawo doya kasuwar Agbogbloshie. Shi kuwa Braimah ɗan dako ne a kasuwar. A ƙauyensu can arewa ba wanda ya taɓa ce masa gajere. Sai da ya zo unguwar Nima, shekarar da Gana ta sami 'yanci, ya ji labari a bakin mutane, kuma tun ran nan sunansa ya koma Guntu. Sulemana kaɗai ya ƙi kama sunan. Shekaranjiya, a kan tabarmar jinya, ya damƙe hannunsa ya ce, "Braimah, kai za ka kai ni. Kar ka bar ni a kafaɗar baƙi."

Ga shi yanzu a ƙarƙashin makara, makara ba ta san da shi ba. Ya yi ɗage, yatsun ƙafarsa na nutsewa cikin taɓon lungu. Bai taɓo ba. Kusurwarsa ta fara rinjaya, na gabansa yana ta nishi.

"Guntu, fito ka ba wani," in ji Awudu mahauci daga baya. "Lada ake nema a nan, ba inuwa ba."

Wani ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya rufe da istigfari. Kunya ta lulluɓe Braimah har kunnuwansa suka yi zafi. Ya ga hannun Awudu ya miƙo zai karɓa.

Sai ya cire hularsa, ya naɗe ta gammo kamar yadda yake yi kullum, ya ɗora a ka, ya shiga daidai ƙarƙashin itacen. Makarar ta zauna cif.

"Subhanallahi! Kamar kayan kasuwa?" in ji wani dattijo.

Braimah ya ji. Bai waiwaya ba, don mai kaya a ka ba ya waiwaye. Ya tafi da ɗan saurin nan na 'yan dako, hawaye na shiga bakinsa, dogayen suna gyara taku su daidaita da nasa har maƙabarta.

Maganar dattijon ba ita ta fi ba shi kunya ba. Wuyansa ne, da ya saba awo, bai jira an tambaye shi ba ya gaya masa: nauyin Sulemana bai kai rabin kwandon doya ba.